Ƙanƙarar da na sayo daga Kano

Mun tashi da asuba daga Wudil, ni da ƙanena, da giwan ruwa biyu da suka kwana a ɗaure a bakin kogi. Shekara talatin ina sana'ar su. Banda muke yi, don ɗanyen kifi ba ya kai la'asar. An ce mini a Kano ɗanye ya fi banda daraja nesa ba kusa ba. Na ce sai na gani.

Motar gyaɗa muka hau, bisa buhuna. Direban ba ya wuce ƙauye bai tsaya gaisuwa ba. A Mariri taya ta fashe. Rana tana ɗagawa, ni ina ta buɗe kwando ina shinshinawa. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta toshe hanci.

"Malam, ko kai ne ko kayanka, ɗaya na neman wanka."

Ko ƙosan da ƙanena ya sayo kasa ci na yi.

Da muka isa, kifi ɗaya ya riga ya lalace. Ɗayan wani mai kanti a Sabon Gari ya saya, ya jefa a wani farin akwati mai gurnani. Na tura hannu. Sanyi. Na tambaye shi kwana nawa kifi yake yi a ciki, ya ce mako guda.

Lantarki ne. Waya ɗaya ta bi layin, ga injin niƙa, ga masu walda, ga masu yanka katako, kowa da aiki a hannu. Mutanen garinmu uku na gani a wurin. Babu mai zancen dawowa.

Na kasa zama. Na sayi ƙanƙara mai girman turmi, na naɗe ta da dusa da buhu.

"Yaya, wannan fa ba za ta kai gida ba."

"Ɗauka mu tafi."

Tun daga Mariri buhu yake ɗiga a ƙafata. Da muka sauka Wudil, abin da ya rage bai fi ƙwan zabo ba. Matata ta juya shi a tafin hannu.

"Maigida, ga kogi a bayan gida, ka je Kano sayen ruwa?"

Abin da na koyo ke nan: kifin namu ne, amma ribar tana inda waya ta tsaya. A lokacin wayar ba ta iso Wudil ba. Na ce wa matata ta hura wutar banda.