Tsutsar da Malam Ya Gano a Sabuluna

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Baban Safiya, Allah Ya jiƙansa. Ɗakin gwaje-gwaje yake kula da shi a wata sakandare a Jahun. Da ya yi ritaya muka dawo Takur, da wani tsohon madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa da ya saya a gwanjo. Ni kuma sana'ata sabulu, na man gyaɗa da ruwan toka.

Wata rana da hantsi ya lakato ɗanyen sabuluna da tsinke, ya shafa a gilashi, ya ɗiga ruwa, ya sa a madubin, ya ce in leƙa. Jama'a, abin da na gani! Wasu zaruruwa suna tsirowa daga jikin sabulun, suna miƙewa, suna nannaɗe juna kamar igiyar guga. Ashe ya riga ya ɓalle idanun baƙin tabarau ɗina na Makka. Ya sa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ya juya. Wuri ya yi baƙi ƙirin, zaruruwan kaɗai ke ƙyalli.

Na fita tsakar gida ina salati, ina cewa, "Tsutsa a sabuluna!" Katangarmu kuwa gajera ce. Kafin la'asar babu matar da ba ta ji ba. Maƙwabciyata Hajiya Dije ta aiko da wanda ta saya jiya, wai har ta fara jin ƙaiƙayi.

Sati biyu ba wanda ya taka ƙofata. Malam sai bayani yake: ba tsutsa ba ce, ba ta da rai, maiƙo ne ke jera kansa hawa-hawa in ya haɗu da ruwa, irin rigar da ke naɗe da jijiyoyin jikinmu. Na ce, "Malam, ni na ji. Je ka gaya wa Dije."

Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya aika ta zo da ƙwan kajinta da take taƙama da su. Ya taɓo kwanduwa, ya ɗiga ruwa. Dije ta leƙa, ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, don Allah maganar nan ta tsaya a zauren nan." Washegari ta aiko a ba ta sabulu, sauran mata suka biyo baya.

Yanzu kowace yarinya sabulun ruwa take haɗawa a bokiti, a waya ta koya. Da yana nan, da ya bi gida-gida da tsinkensa, da kuma tuni mai unguwa ya kira mu.

Bai bar mana gidan sama ba, tabarau ma bai biya ni ba. Dije har yau ba ta cin ƙwai, wai likita ne ya hana ta. Ni kuma duk ranar da na dafa sabulu sai na lakato kaɗan, na ɗiga ruwa, na leƙa. In suka fara miƙewa sai in ce, "Malam, ga mutanenka nan." Amma a hankali nake faɗa, don katangar har yanzu gajera ce.