Anti Fauzia, Mai Kai 'Ya'yan Mutane Bakin Teku Ta Dawo da Su

Tun kafin shagunan Elm Street su buɗe za ka ga Anti Fauzia a tashar bas ta cikin garin Greensboro, can ƙasar Turawa, da farin takalminta na aiki, da kwanon abinci a jaka, hannunta ɗaya cikin aljihun rigar sanyi tana jan carbi. Bas ta sauke ta kusa da unguwar Irving Park, ta ƙarasa da ƙafa zuwa gidan wata tsohuwar Baturiya da take jinya. Ta yi mata wanka, ta ba ta magani, ta juya ta a kan gado don kada kwanciya ta yi mata gyambo. Ranar Asabar kuma ta ɗora tukunyar waakye, shinkafa da waken mutanen Ghana, ta kai masallaci. Haka shekara take tafiya a wurinta har makarantu su ba da dogon hutu. Idan hutun ya zo, sai ta tattara 'yan matan garin nan, na Najeriya da na Nijar da na Ghana, ta kai su Accra su ga gari, su ga teku.

'Yar Nima ce, unguwar zango ta Accra, inda Hausa take yawo a bakin kowa. Ta fara wannan tafiya ne shekaru goma sha da suka wuce, bayan wata yarinya ta tambaye ta a masallaci ko a Afirka akwai gidan sama. Kowane uba shi yake sayen tikitin 'yarsa. Kwana kuma a gidan yayarta ake yi, a kan katifu. Wahalar kuwa tata ce ita kaɗai.

Ba kowa ya gode ba. Tun farko akwai masu cewa ruwa ba ya tsami banza, mace mai aikin jinya me ya kai ta ɗaukar nauyin 'ya'yan mutane in babu abin da take samu? Wasu dattawa suka ce bakin teku wurin tsiraici ne, ba wurin 'yar Musulmi ba. Su kuwa yaran, nasu zargin ya fi muni. Duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya taɓa jin labarin wani da aka ce masa a zo a je hutu gida, aka karɓe fasfonsa, aka dawo babu shi. Sai raɗe-raɗi ya bazu a tsakaninsu cewa aikin Anti Fauzia ke nan: ta tafi da goma, ta dawo da tara.

Afnan, 'yar Alhaji Sale Bakano da ke zaune a unguwar Sedgefield, tana cikin waɗanda suka yarda da wannan magana. Shekarunta goma sha bakwai a lokacin, kuma ba sa ga maciji da mahaifinta. Ta daina shiga aji, sakamakonta ya lalace, in ya yi mata magana da Hausa ta mayar masa da Turanci a tsaye. Watanni suka yi ba ya amsa gaisuwarta. Rana ɗaya, ana cin abinci, sai ya ce da murya mai taushi, "Afnan, na saka sunanki a tafiyar Anti Fauzia. Ki je ki huta."

Ta dubi mahaifiyarta, Hajiya Larai. Hajiya ta sunkuyar da kai tana tattara kwanuka.

Ranar tafiya sai ga akwati na biyu, babba, an ɗaure shi da igiya. Alhaji ya ce tsaraba ce, akwai wanda zai zo ya karɓa a can. Afnan ta san ba su da kowa a Ghana. A filin jirgi mahaifiyarta ta rungume ta, ta daɗe ba ta sake ta ba, fiye da yadda ake yi wa mai tafiyar mako uku. Suna sauka Accra kuma Anti Fauzia ta miƙa hannu ta ce kowa ta kawo fasfonta, ta zuba su a wata jakar fata, ta rataya a wuya, ta saki hijabi a kai.

"Anti, ni zan iya riƙe nawa," in ji Afnan.

"'Yata, a kasuwar Makola ko kan mutum bai ɗaure da kyau ba sai a sace. Yana wurina."

Daga ranar idon Afnan bai sauka daga kan wannan jaka ba.

Anti Fauzia ta san garinta kamar tafin hannunta. Ta cusa su a trotro, ƙananan motocin haya na Accra, ta kai su Jamestown suka tsaya ƙarƙashin doguwar hasumiyar nan mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa hanya, suna kallon masunta suna jan kwalekwale masu zane-zane zuwa tudu. Ta kai su Makola, inda mata ke ɗauke da kasuwa guda a ka, ta koya musu yadda ake taya atamfa ba tare da an nuna ana so ba. Ta kai su babban masallacin Kanda suka yi sallar Juma'a, 'yan mata suka yi ta ɗaga kai suna kallon ƙubba har wuya ya gaji. Da safe koko da ƙosai, da rana tuwon zafi. Sauran yara suna ta ɗaukar hoto suna dariya. Afnan kuwa a kowane wuri ƙofar fita take fara nema. In Anti ta tsaya gaisawa da wani, sai ta ce a ranta, to ga shi nan, wannan ne aka turo. In wayar Anti ta yi ƙara ta koma gefe, sai Afnan ta matsa ta kasa kunne. Sau ɗaya ta ji ta ce, "Alhaji, wannan maganar mun gama ta tun a can," ta kashe waya.

Wata rana da hantsi, sauran sun fita sayen burodi, Afnan ta kwance igiyar babban akwatin. Babu tsaraba a ciki. Fararen hijabai ne sababbi, da zanin gado, da gidan sauro, da fitilar hannu, da takalma baƙaƙe, duk daidai ƙafarta. Kayan makarantar kwana ne. Ta zauna a ƙasa. Ta mayar da komai yadda yake, ta ɗaure, ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa, alhali wadda take riƙe da fasfonta ita ce ta kawo ta?

Abin da ba ta sani ba shi ne ita ma Anti Fauzia ba ta yarda da akwatin nan ba tun a filin jirgi. Shi ya sa ta shimfiɗa katifarta a bakin ƙofar ɗakin 'yan matan, shi ya sa ba ta taɓa aiken Afnan ko'ina ita kaɗai ba. Afnan ta ɗauka gadinta ake yi kada ta gudu.

Ana saura kwanaki kaɗan su dawo aka je bakin tekun Labadi. Anti ta zaɓi gefen da babu cunkoso, nesa da masu kiɗa, ta shimfiɗa tabarma. Ruwa yana ta tumbatsa yana jibgar yashi, don haka ta ce kowa iyakarta idon sawu. Yara suka naɗe ƙafar wando suna ihu in igiyar ruwa ta biyo su. Masu kwakwa suna sara suna miƙawa, masu dawaki suna zagawa suna neman mai hawa. Afnan tana zaune a kan tabarma sai ta hango wani mutum cikin shadda da hula zanna, yana tafe yana ɗaga takalmi daga yashi. Ta san wannan tafiyar. Baffa Zubair ne, ƙanin mahaifinta da ke Kano.

Ta miƙe. Gabanta teku, bayanta Baffa, gefenta Anti Fauzia.

Baffa ya yi sallama, ya gaida Anti cikin ladabi, ya ce a Nima aka kwatanta masa inda suke. Sannan ya ce, "Hajiya, Yaya ne ya aiko ni. Zan wuce da Afnan Kano, an riga an sama mata makaranta. Sai ki ba ni fasfonta, mu biya mu ɗauki kayanta."

Afnan ta juya ta dubi Anti, ta ce da Turanci, "Dama na sani. Kin sani tun farko."

Anti Fauzia ta gyara tabarma. Ta ce wa Baffa, "Malam, zauna ka sha kwakwa, ka sha hanya. Alhaji ya kawo mini wannan magana a Greensboro. Na ce masa ba aikina ba ne. Ya ce ya fasa. Da kalmarsa na ɗauko yarinyar nan."

"Hajiya, 'yarsa ce. Shi yake da iko da ita."

"Ban musa ba. In yana so ta yi karatu a Kano, sai in mayar masa da ita gida, ya zaunar da ita ya gaya mata, ya kai ta da hannunsa. Amma ba za a ce wa yarinya zo ki ga teku ba, a ɗauke ta a bakin teku. Ba a hannuna ba."

Baffa ya ɓata rai. Ya ce ita bare ce a cikin maganar gida, kuma ta san abin da za a ce a kanta in ta raba uba da shawararsa. Anti ta ce ta sani. Ta ciro waya ta kira Alhaji Sale ta bidiyo. Ya ɗauka a wurin aiki, sai ya ga fuskar ƙaninsa, ya ga tata.

"Alhaji, ga Afnan nan. Abin da ka aiko a yi, gaya mata da bakinka."

Ta miƙa wa yarinyar wayar. Uba da 'ya suka kalli juna. Afnan ce ta fara magana, da Hausarta mai tangal-tangal.

"Abba, ba ka taɓa tambayata me ya sa na daina zuwa makaranta ba."

"To me ya sa?"

Ta gaya masa. Akwai wasu 'yan ajinsu da suke fizge mata hijabi a hanyar banɗaki, suna ɗauka a waya suna yaɗawa. Ta ji kunyar faɗa a gida, don ta san zai ce ita ta ja. Sai ta riƙa fita da safe ta yini a ɗakin karatu na cikin gari. Alhaji ya cire gilashinsa ya murza ido. Sannan ya ce, "Ba Baffanki wayar." Da Zubair ya karɓa, abin da ya ce masa kawai shi ne, "Ka bari. Ta dawo."

Baffa ya tafi bai sha kwakwar ba. Afnan ta zauna a kan yashi ta yi kuka mai isarta, Anti tana gefenta tana kore masu talla. Da ta lafa, ta ce, "Anti, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In gaya miki me? Cewa ki ji tsoron ubanki? Ba shi na kawo ki ki koya ba. Tashi ki taɓa ruwan nan, tun da muka zo ba ki jiƙa ƙafa ba."

Kada mai karatu ya zaci an dawo an yi mata tafi. Alhaji Sale ya ji an ci masa fuska a gaban ƙaninsa, ya yi kusan shekara biyu in sun haɗu a harabar masallaci sai ya kau da kai. Labari ya fita a karkace, aka ce Anti Fauzia tana zuga yara su bijire wa iyaye. Shekarar da ta biyo, rabin iyayen suka janye 'ya'yansu. Tana da abin da za ta faɗa ta wanke kanta, amma faɗar sai ta tona asirin gidan wani. Ta yi gum, ta ɗauki 'yan matan da suka rage ta tafi.

Wannan labari a bakin Afnan muka ji shi, ranar Asabar da ta wuce, a walimar da mata suka shirya wa Anti, domin gwiwa ta hana ta hawa trotro kuma ta ce bana ce tafiyarta ta ƙarshe. Afnan yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ta nemi izinin mahaifinta kafin ta faɗa, ya ba ta. Yana zaune a sahun baya ana ba da labarin, bai tashi ba. Da aka gama ya zo ya tsaya gaban Anti ya ce, "Hajiya, Allah Ya saka da alheri." Ta ce, "Amin, Alhaji. Ka ci abinci kuwa?"

Anti Fauzia, ke ce aka zarga ta gaba, aka zarga ta baya, iyaye suna ganin za ki lalata musu yara, yara suna ganin za ki sayar da su, kika haɗiye duka kika ci gaba da tafiya. Ke ce kika nuna wa 'ya'yanmu cewa ƙasar kakanninsu ba kurkuku ba ce da ake tsoratar da mai laifi da ita, wuri ne da ake zuwa a ci a sha a yi dariya a bakin ruwa. Uwar 'yan mata, mai riƙon amana, har yau akwai masu taɓe baki in an ambace ki, kuma mun san ba ya hana ki barci.

Mun gode. Allah Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya sa ki ga sakamako tun a duniya. Mu kuwa da muka rage, hutu yana nan tafe, kuma akwai 'yan mata a gidajenmu da suke da magana a ciki ba su sami mai tambaya ba. Wanda ba zai iya kai su Accra ba, ya iya jawo kujera ya zauna kusa da tasa 'yar, ya tambaye ta, ya jira amsa.