Ranar da Na Yi Dakon Ƙuri'ar Malam Shiru

Akwai wata Asabar a Dubai da ko tsufa ya kwashe mini haƙora da tunani, ita kam ba zai kwashe ta ba. Amma kafin in kai ku can, bari ku san ko ni wane ne a lokacin, ba don yabon kai ba. A duk 'yan Kanon da suka taɓa zama wurin mai shayi a Al Buteen, babu wanda ya kama ƙafata a sanin siyasa. Gwamna bai isa ya yi tari a Nijeriya ba sai na faɗa wa majalisa abin da ya shaƙe shi. Gidajen rediyo huɗu nake saurara kafin in karya, kuma ba na yarda da ko ɗaya. Sai in haɗa ƙaryar wannan da ta wancan in tace gaskiya da kaina. Mutane har barin ciniki suke su zo jin fashin baƙina. Wasu sun ce shayin suke zuwa sha, amma ai mahassada ba sa ƙarewa.

Shekarar 2011 ce, ana ta hayaniyar zaɓe a gida. Sana'ata kago: 'yan kasuwarmu su sayi kaya, ni in loda musu a kwantena in tura. Ina kwana a Al Nahda, ina da ɗan ofis a Port Saeed, hawa na uku. Ofishin da ke kallon nawa na wani Bature ne mutumin Finland, dogo kamar falwaya, yana sayar da kayan gyaran injinan ɗaga kwantena. Malam Shiru muke ce masa. Shekara biyu muna hawa lif tare, in ka tara duk abin da ya taɓa faɗa mini ba zai cika saƙon waya ɗaya ba.

Ran Laraba na gan shi yana dogara sanduna, ƙafar dama a naɗe da filasta. Mutumin da ya girma a kan ƙanƙara bai taɓa zamewa ba, sai tayil ɗin banɗaki ya kai shi ƙasa. Na yi masa jaje irin namu, mai tsawo, da Turancina na kasuwa. Cikin hira, wato ni ina hira shi yana gyaɗa kai, ya ce ran Asabar zai tafi Abu Dhabi, ofishin jakadancinsu, ya yi zaɓe. Su ma zaɓe suke a ƙasarsu, kuma Asabar ce ranar ƙarshe ga mazauna waje. Tunda ba ya iya tuƙi, ya riga ya yi magana da mai tasi.

Na daki ƙirji. "Tasi? Ina raye? Khalas, habibi, ni zan kai ka!"

Ya dube ni. "Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya, in sha Allahu."

Ya ce to. A gabana ya ciro waya ya sallami mai tasi, amma ko a jikina.

A nan kuskuren yake, kuma sai ɗan gida zai gane shi. A wurinmu irin wannan tayi ɗan'uwan "bisimilla" ne, wanda kake yi wa mai wucewa kana cin abinci. Kai ka yi tayi, shi ya ce a'a na gode, kowa ya fita kunyar kowa. In kuwa da gaske yana so, zai kira ka ran Juma'a ya tuna maka, ya sake kira da safe, ya turo wani ya duba ko ka tashi. Malam Shiru bai kira ba. Ni kuma kafin lif ya sauka ƙasa na manta.

Asabar ta same ni a sito ana loda kwantenar kekunan ɗinki da tayoyi. Ranar lodi ko inuwata ba na yarda da ita. Tsaye nake har a buga kwaɗo. Wajen ƙarfe biyu waya ta yi ƙara. Mai gadin gininmu ne, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke wasa da shi.

"Ei, Alhaji, kana ina? Baturenka fa yana nan ƙofa tun sha ɗaya saura."

"Wane Bature?"

"Mai ƙafa ɗaya mana! Na ba shi kujera. Na ce in tsayar masa da tasi, ya ce a'a, Alhaji ya ce zai zo. Na ce to kira shi, ya ce mutum in ya makara yana da dalili, kiransa kamar zargi ne. Kuma wai biyar ake rufewa. Masa, ni dai kunyarka ta hana ni zama a kujerata."

Na dubi kwantena, rabi a cike, leburori na ta kai da kawowa. Na dubi agogo. Daga Port Saeed zuwa Abu Dhabi kusan awa biyu ne in hanya ta yi kyau, ga shi sai na fara zuwa ɗauko shi. Idan na tsaya, ƙuri'ar bawan Allah ta tafi, sai bayan shekara huɗu, kuma bakina ne ya cinye ta. Akwai wani abokin gardamata ɗan Damagaram da ya zo duba nasa kayan. Mutumin da kullum nake cewa ko allura ba zan ba shi ajiya ba, shi na danƙa wa takardar kaya da kwaɗo.

Ya ce, "Dakor, ba damuwa, Alhaji, tafi abinka. Yau dai ka yarda da wani, sai mu zuba ido ko sama za ta faɗo."

A hanya na tanadi ƙarya kala uku: cunkoson Sharja, faci, da baƙon da ya sauka babu sanarwa. Ina isa na gan shi zaune a inuwar ƙofa, fuska ta yi ja kamar tumatir, fasfo a aljihun gaba, sanduna a jingine. Bai dubi agogo ba. Cewa kawai ya yi, "Ka zo."

Nan take na watsar da ƙarya ukun nan. Mutum ya zauna awa uku da rabi yana kare mutuncinka a gaban mai gadi, da wane baki za ka ce masa faci? Na ce, "Mantawa na yi."

Ya ce, "Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Mu tafi."

Muna hawa babban titi na taka mota, yalla, tsohuwar motata har kuka take. Sai na ji yatsa yana ƙwanƙwasa gaban mota. Ya nuna mini allon iyakar gudu.

Na ce, "Malam, in muka bi wannan allon za mu iya makara fa!"

"Sai mu makara. Ba zan karya doka don in je zaɓen masu yin doka ba."

Na sassauta, ina cizon yatsa. Manyan motoci na wuce mu fuu, mu muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Don kada zuciyata ta buga, na ja shi da hira, kuma ranar na gane Malam Shiru yana da baki, tambaya ce ba a iya yi masa ba. Na ce wa zai zaɓa? Ya ce wannan tsakaninsa da takarda ne, matarsa ma ba ta sani ba. Na ce to me ɗan takarar ya aiko masa? Ya ce ba komai. A can dai sukan tsaya a kasuwa su ba mutane kofi su amsa tambayoyi. Na ce, "Kofi? Ko turmin atamfa babu? Ko sabulu?" Ya yi wani ɗan motsi da leɓe, wanda daga baya aka tabbatar mini dariyarsa ke nan.

Na ce yaya yake sanin abin da ke faruwa a gida yana nan? Ya ce jarida ɗaya yake karantawa kowace safiya a kwamfuta, sai labaran gidan talabijin na ƙasa. Akwai kuma tambayoyi da 'yan takara ke amsawa a intanet, kai ma ka amsa, a nuna maka wanda ra'ayinku ya zo ɗaya.

"Kuma ka yarda da jaridar?"

"Mafi yawa. In sun yi kuskure, gobe su da kansu za su rubuta cewa sun yi."

Da na matsa masa kan wannan yarda tasu, sai ya ce a garinsu uwa takan bar jariri yana barci cikin kekensa a ƙofar gidan shan kofi, ta shiga ta zauna tana hango shi ta taga. Saura kaɗan in bar titi. Na ce ba a ɗauka? Ya ce, "A ɗauka a kai ina? Ai na wani ne."

Mun isa biyar saura kwata. Na ɗauke shi cak na haye matakala da shi. To, shi ya ce hannu kawai na riƙe masa, amma ni na san abin da bayana ya ji. Saboda ƙafarsa aka bar ni na raka shi bakin ƙofar ɗakin. Na zaci zan ga sojoji da 'yan jagaliya. Mata biyu na gani a bakin tebur. Suka duba fasfo, suka ba shi 'yar takarda, ya shiga bayan wani allo ya rubuta lambar ɗan takararsa, aka buga hatimi, aka sa a ambulan. Minti biyar ba a yi ba. Awa uku da rabi a ƙofa, kusan biyu a hanya, saboda lamba ɗaya.

Da na idar da la'asar a masallacin kusa, ya ce dole mu sha kofi, al'adarsu ce bayan zaɓe. Muna sha ya tambaye ni yadda namu yake. Na gyara zama na zuba masa: layi tun asuba, rana, gardama, raha, mata da goyo. Ya saurara sosai, sannan ya ce, "A cikin waɗanda ka yi, wanne ka fi tunawa?"

Gaskiyar da majalisar Al Buteen ba ta sani ba ita ce, ban taɓa dangwala ƙuri'a ba. Kowane zaɓe ko ina tafiya, ko in ce an riga an rubuta sakamako, wa zai ɓata takalminsa. Tunda na fara faɗa masa gaskiya da rana, na ƙarasa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Tawa ma ɗaya ce. Amma tawa ce."

Na dawo na tarar ɗan Damagaram ya rufe kwantena, kaya cif, har ya fi ni iya shiri, abin da ban taɓa faɗa masa ba sai yau.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, yarda kaya ce mai nauyi, kuma wanda aka ɗora wa shi ke gyara tafiya. Da Malam Shiru ya kira ni ya zage ni, da na ba shi faci mun rabu. Da ya yarda da ni fiye da yadda na cancanta, sai na ji dole in kai inda ya ajiye ni. Tun daga ranar nake auna "zan yi" kafin ta fita. A 2015 kuwa na ajiye komai na hau jirgi na koma gida, na bi layi cikin rana har na dangwala, kuma har gobe ina alfahari da wannan yatsa.

Amma washegarin waccan Asabar ban kai nan ba tukuna. Da muka dawo daren Asabar na yi kuskuren tsayawa ba wa mai gadi labari duka, har da sirrin da na faɗa a wurin shan kofi. Washegari da la'asar ina tsakiyar majalisa ina bayyana yadda ni kaɗai na ceci dimokuraɗiyyar Turai da tsohuwar mota, sai ga mai gadin ya zo shan shayi. Ya bari na kai ƙarshe, ya kurɓa, ya ajiye kofi.

"Ei, Alhaji, sannu da ƙoƙari. Shekara talatin kana siyasa da baki, ƙuri'a ɗaya ka taɓa kaiwa wurin zaɓe, ita ma ta wani ce."