Allon Titi a Bayan Yara

Cikin ranakun da na yi a wannan ofishin talla namu da ke unguwar Bagdadiyya, akwai wata Asabar da har yau ba ta fita raina. Ku sababbi ba ku tarar da aikin ba, bari in faro daga tushe.

Ni ban wuce firamare ba, don haka ba ni ke rubuta talla ba. Nawa shi ne in gyara hoto, in ɗora shi a shafin mai shi na intanet, in zaɓi unguwannin da za su gan shi. Wani kamfani na waje da aiki ya yi wa yawa ya miƙo wa mudirinmu, wato shugaban ofis Ustaz Hamza, tallar wata ƙaramar makarantar Yahudawa a Turai. Suna son iyayen da ke kusa su zo ganawa ranar Lahadi, don za a buɗe ajin ƙanana.

Shugabar makarantar, Madam Estar, iyayenta mutanen Maroko ne, tana jin Larabci. Tun a wayar farko ta kafa sharaɗi saboda tsaron yaran: kar a nuna ƙofa, kar a nuna sunan titi. Mai son adireshi ya kira, su san ko wane ne tukun. Ustaz ya ce, "Ya Madam, yaya za a tallata wurin da ba a faɗi inda yake ba?" Ta yi dariya ta ce, "Haka muke tun ina yarinya."

Ita ta turo hoton, na ɗora ranar Alhamis: yara sun ba da baya suna shuka a tukwane. Da na dawo aiki ranar Asabar, halina na sake duba abin da na riga na duba ya motsa. Na ƙara girman hoton, sai ga allon titi can saman katanga, sunan ya fito sarai.

Na kira Madam, waya a kashe. Sai na tuna ta ce daga faɗuwar ranar Juma'a har daren Asabar ba sa taɓa waya, ibadarsu ce.

Na je wurin Ustaz na nuna masa allon, na ce a sauke tallar.

"Ya Abu Maryam, halas, aikin gama ya gama," ya ce mini. "Ita ta zaɓa. Ƙa'idarmu ba ma sauke talla sai mai ita ya ce. Mutane sun yaɗa shi, in ka sauke duk ya tafi, gobe kuma ake taron. In aikin ya kuɓuce mana, kai za ka yi wa kamfanin bayani?"

Gaskiya ya faɗa. Amma ni a unguwar Sharafiyya na tashi, cikin maƙwabta da yawa marasa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ko a biki, da an ɗaga kamara za ka ji wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kar ka ɗauki lungun." Na san irin wannan tsoron.

Na ce, "Ya Ustaz, in laifi ne, nawa ne."

Ya ce, "Kai da wasiwasinka! Yalla, sauke. Amma sunanka zan faɗa."

Na sauke, na yanke allon, na sake ɗorawa. Ranar ko abinci bai shiga ba.

Lahadi bayan la'asar Madam ta kira, Ustaz ya miƙo mini wayar. Ta ce iyaye ba su zo kamar yadda aka so ba, kuma kwamitin makarantar ya yi ƙorafin sauke tallar. Na gaya mata allon da na gani, na ce ni na sauke. Sai ta ce, "Na sha duba hoton nan, ban ga allon ba. Cikin iyayen yaranmu akwai uwar da in ta gani, gobe ba za ta kawo 'ya'yanta ba. Na gode." Aikin bai kuɓuce ba.

Abin da na koya shi nake gaya muku. Kafin ku tambayi mai talla me yake so a gani, ku tambaye shi me yake tsoron a gani. Kuma duk hoton da ya zo hannunku, ku fara da gefensa kafin tsakiya.