Ranar da Na Sa Aka Goge Zanen Inna

Ku matso kusa, jikokina, ku ba ni kunnuwanku. Yau ba tatsuniya zan yi muku ba, abin da na aikata ne da bakina.

A zamanin da Turawa ba su tafi ba, muna haya a wani gida wajen Kawo. Kakanku akawu ne a ofishin gwamnati. A zauren gidan akwai wani mai gyaran hoto. Yana da wani ƙarfe kamar alƙalami, an haɗa shi da tiyo. In ya taka famfon iska da ƙafa sai fenti ya fito siriri kamar numfashi. Da shi yake yi wa kantuna allon tallar sabulu, mata masu fuska sumul, ko ƙurji babu.

Mahaifiyata, Inna, ta zo daga ƙauyenmu yi mini wankan jego. Kafin ta koma, kakanku ya sa wani mai yawo da kyamara ya ɗauke ta hoto. Guda ɗaya tak. Damina ba ta ƙare ba Allah ya karɓi abarsa.

Inna tana da zane uku-uku a kumatu, da tabon ƙunar man gyaɗa a goshi. Matan ma'aikata da ke shigowa ɗakina sukan ɗauki hoton su ce, "Ashe ke 'yar ƙauye ce haka? Wanzaminku bai ji tausayi ba." Ina dariya, abin yana cina.

Wata safiya na leƙa zaure na miƙa wa mai gyaran hoton.

Ya juya shi ya ce, "Uwargida, me ya same shi?"

Na ce, "Zanen nan za a share."

Ya ce, "Ina gilashin kyamarar da aka wanke shi da shi, ko za a sake fitar da wani?"

Na ce mai ɗaukar ya daɗe da barin gari.

Ya ce, "To a kan wannan zan fesa, kuma abin da na rufe ba ya buɗuwa. Ki jira maigida ya dawo ofis mana."

Na ce, "Uwarsa ce ko tawa?"

Ina tsaye ya taka famfon. Zane na farko ya dushe, na biyu ya bi shi. Da ya kai goshi ya ɗago ya dube ni, na ce ya ci gaba. Kafin azahar Inna ta koma irin matan allon sabulu. Matan ma'aikata suka yaba.

Bayan Sallah Kawu, yayan Inna, ya kawo mana ziyara. Na ɗauko hoton da rawar jiki. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Masha Allah. Matar wa ce?"

Na ce, "Kawu, Inna ce."

Ya ajiye shi a hankali a kan tabarma. Ya ce, "Zanen gidanmu kenan kika share. Tabon kuwa, ranar da kika rarrafa wajen kasko ta same shi, garin janye ki."

Ban taɓa sani ba sai ranar.

Kawu ya rasu bai sake tayar da maganar ba. Kakanku ya yi ritaya ya koma noma a Katabu, can aka binne shi. Mai gyaran hoto idonsa ya raunana, 'ya'yansa suka mayar da shi garinsu. Hoton yana ƙasan akwatina. Ni kuwa ga ni, har yau na kasa tuna ko tabon nan dama yake ko hagu.