Muryar Lawali a Kaset

Ni na yi laifin, gara in faɗa tun farko. Ba wanda ya sa ni, kuma shekarata goma sha uku, na san daidai na san ba daidai ba.

A gidanmu na Mada, shekarun da Zamfara ke sabuwar jiha, in sanyi ya shigo kakata Inna Kulu takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Dokarta guda ce: in ta gama tatsuniya kowa sai ya yi tasa, kuma abin da aka faɗa a bakin wutar nan ba a fita da shi. Abokina Lawali, ɗan maƙwabtanmu, yana da i'ina mai tsanani. A makaranta ba ya buɗe baki. Amma a gaban Inna yakan yi tatsuniya har da waƙa, ya maƙale, ya sake ɗauka, ita kuwa ta jira shi. Wanda ya yi ko murmushi sai ta ce, "Minene abin dariya? Hwaɗa muna mu ma mu dara."

A lokacin samari sun shiga yayin kaset. Mutum ya ɗauki muryarsa yana gaida abokai, ya ba direba ya kai Tsafe ko Bunguɗu, kaset ya yi ta yawo daga majalisa zuwa majalisa. Wanda nasa ya fi ba da dariya shi ake ambato. Ni ma na so a ambace ni. Da kawuna ya zo daga Gusau da rikoda, na ɓoye ta cikin bargon da na lulluɓa da shi, na danna lokacin da Lawali ke waƙarsa. Washegari na kai kaset ɗin teburin mai shayi. Aka yi ta dariya, ana mayarwa baya ana sake ji. Wani ya kwafa. Kafin mako, har a tasha ana kwaikwayonsa.

Da labari ya kai kunnen Inna, ba ta doke ni ba. Ta dubi wurin da Lawali ke zama, ba kowa, ta gyara wuta ta ce, "Ga wata ta taho, mai kunne shi matso."

Wai wata kurciya ce mai dishewar murya, ba ta kuka a gaban tsuntsaye sai a gaban wani manomi da take sauka gonarsa. Ran nan ya kawo gora, ya tari kukanta ya toshe, ya kai kasuwa ya buɗe don a taru a kansa. Aka taru, aka yi dariya, kukan ya bi iska. Da ya koma gona ya tarar da ita a kan kunya, ya ce ta yi masa kuka. Ta buɗe baki, babu komai.

"Nan ta tsaya," in ji Inna. "Murtala, ina gorar?"

Na ɗauko kaset ɗin na jefa a wuta. Ya narke, wari ya tashi.

"Ka ƙona guda," ta ce. "Sauran hwa?"

Na tari Lawali a hanyar rijiya zan ba shi haƙuri. Ya dube ni ya ce, "Har a wurin Inna, Murtala?" Ko sau ɗaya bai maƙale ba. Bai sake zuwa bakin wutar ba har Inna ta rasu.

Da ina ɗauka tatsuniyar a kan riƙon asiri ce. Sai yanzu da kowa ke da gora a aljihu na gane ba asiri na fitar ba. Kowa ya san Lawali na da i'ina. Abin da na ƙwace masa shi ne wuri ɗaya tak da ba ya jin tsoron bakinsa.

Muna da zaure a waya, mu 'yan ajinmu. Kullum ana turo murya, ana zolaya, ana tura na wani ga wani. Lawali yana ciki, amma rubutu kawai yake yi. Bara na tura masa murya shi kaɗai, na faɗi duk abin da na faɗa a nan. Ya rubuto, "Allah ya yafe mana." Na kira shi ya katse, ya sake rubutowa, "Rubuto, ina gani."