Gwiwar Kawu Lawali

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗakinmu na unguwar Malaz a Riyad a tsakiyar zafi ya san Kawu Lawali da rimot ɗin mukayyif, wato na'urar sanyi, a aljihun gaba. A garin da rana ke narkar da takalmi, Kawu zai shigo, ya yi sallama, ya kashe mana ita kafin mu amsa. Mu biyar muna tsiyayar gumi, shi yana lulluɓe da bargo daga ƙugu zuwa ƙasa.

"Kawu, don Allah, za mu mutu fa!"

"Ba ku mutuwa. Iska ita ka cin ƙashi. Ku tambayi Kumar."

Kumar ɗin nan wani Ba'indiye ne mai gyaran famfo a benen da Kawu ke gadi a unguwar Nasiriya. Wata rana ya ga Kawu yana ɗingishi, ya ce masa a garinsu akwai maganin gargajiya, Ayurbeda, kuma a wajensu ciwon ƙashi iska ce da bushewa, maganinsa ɗumi da mai. Ya ba shi 'yar kwalbar man riɗi da aka dafa da saiwoyi. Shi ke nan! Bawan Allah ya yi maganar minti kaɗan, Kawu ya mai da ita mazhaba. Ruwan sanyi ya zama haram. Madara sai da kurkum, har gemunsa ya koma rawaya. Da aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, sau ɗaya ya shiga, ya sauka a tasha ta gaba yana cewa an sa Musulmi a firji.

Mun san dalilin, ko da ba ma faɗa a gabansa. Benen nan ba lif, kuma Kawu ne ke hawa da tukwanen gas da galan-galan na ruwa. Mai gadin da ya gada, bayansa ne ya riƙe, kafili, wato ubangidan da ya ɗauko su aiki, ya soke masa igama, takardar izinin zama, ya sa shi a jirgi zuwa gida. Kawu kuwa gida guda yake ci da shi a Maradi, ga 'yarsa Hadiza tana karatun ungozoma. Katin asibitinsa na kafili ne, don haka a ganinsa duk abin da likita ya gani, kafili ya gani. In ka ce "asibiti" a ɗakinmu sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifinsa.

Sai kuma zancen ƙullu. Kumar ya nuna masa yadda ake yi wa gwiwa 'yar katanga da ƙullu mai tauri, a zuba mai mai ɗumi a ciki ya kwanta. Su da wani baƙin wakensu suke yi. Kawu ya ce wake dai wake ne, ya kama wanda muke jiƙawa. Kowace Juma'a za ka same shi a miƙe, gwiwa ɗauke da tafki, yana ba da umarni kamar hakimi. To, ranar nan Sani direba ya kawo mana baƙi 'yan Zinder, Kawu ya ce shi zai yi musu ƙosai. Muka yi mamaki, don mutumin da ke shanya ganyen shayi ya sake dafawa ba ya kyauta haka kawai. Ƙosai ya yi daɗi, sai dai wani ƙamshi-ƙamshi. Wani baƙo ya tambayi sirrin.

"Man Indiya ne," in ji Kawu. "Da shi da ƙullun duk na gwiwata ne. A zubar? Almubazzaranci!"

Sani ya tashi da gudu ya nufi bayi.

"Mi ya same shi? Da alwalata hwa na ɗora shi!"

Har yau Sani ba ya cin ƙosai, ko na gidan biki.

Abin haushin, shi kansa Kumar ya gaji. A gabana ya tare shi a bakin bene, da Larabcinsu na 'yan aiki, ya ce, "Baba, mai yana rage ciwo, amma wannan ya daɗe. Ko a garinmu mai maganin sai ya ce a ɗauko hoton ƙashi. Je mustashfa," wato asibiti. Kawu ya bari ya tafi, sannan ya girgiza kai.

"Wanga yaro ya lalace. Riyad ta ɓata shi. Bai san Ayurbeda ba."

Ka ji fa! Ɗan Maradi yana gyara wa Ba'indiye maganin kakanninsa.

Ranar da kafili ya zo duba bene ina wurin, na kawo wa Kawu abinci. Mutumin ya sauke gilashin mota kaɗan, ya toshe hanci, ya ce, "Ya Lawali, me ya sa kake warin kicin? Kuma an ce kana ɗingishi." Kawu ya miƙe tsaf, ya ce, "Ana? Mafi mushkila, ya mudir!" Wato shi ba shi da wata matsala. Ya sunkuci tukunyar gas a kafaɗa, ya haye bene har yana waƙa. Kafili ya ɗaga gilashi ya tafi. Na bi shi sama, na same shi zaune a matakala, ya ciji hularsa don kada masu gida su ji. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma bai iya tashi ba. Ni da Kumar muka sauko da shi.

A asibiti likita ya duba hoto, ya ce gwiwa lafiyarta lau. Ciwon daji ne ya cinye ƙashin ƙugu, zafin ne kawai ke sauka ƙasa. Shekara da shekaru Kawu yana yi wa gwiwar da ba ta da laifi wanka da mai. Na fassara masa, sai ya jawo hannuna.

"Kada ka hwaɗa ma kafili. Ce mishi na tahi Umra."

Kafili kuwa tun a makon ya ɗauko wani mai gadi, ko waya bai yi ba. Kullum na je dubiya sai Kawu ya tambaya, "Ya aikina?" Ni kuma in ce, "Yana jiranka, Kawu." Sai ya gyara kwanciya, ya ce in gaya wa Hadiza ta dage da karatu, shi yana nan daram. A haka ya cika, yana mai gadin benen Nasiriya, bai san an sallame shi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Lawali. Allah Ya sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara, Ya hutar da ƙasusuwan nan da suka yi dako har suka ƙare, Ya raya Hadiza da 'yan'uwanta. Amin.